Baki Bakwai, Harshe Ɗaya

Buhu goma sha biyu na kai kasuwar Aliero,
albasa ja, mai siririn wuya,
wata uku tana rudu, ko ɗaya ba ta yi ruwa ba.
Barmo ya taya, na ce albarka.
Na matsa wurin Tunau, ya taya tayin Barmo.
Jaɓɓi yana can gindin tirela,
ban gama kwance bakin buhu ba ya faɗi kuɗin,
ko naira ba ta hau ba, ko naira ba ta sauka ba.
Baki bakwai, harshe ɗaya.
Ashe tun daren jiya aka ci kasuwar
a zauren wani, kan tsire da shayi,
mu naɗe tabarma muka zo yi da safe.

Na sallama. To, in yi yaya?
Albasa ba ta jiran mai ita ya huce.

Da dare Kuluwa na bitar jarrabawar lauya,
fitilar waya a bakin kofi, sauro na zagaye.
Ta ji ina lissafi da ƙarfi, ta ce,
Baba, ciwon nan naka tsoho ne, har suna gare shi.
A Jamus, wani gari Firaibug,
shekara casa'in ko fiye,
malaman shari'a da na tattali suka zauna
suna duban yadda masu kwal da ƙarfe da siminti
suka ƙulla baki a kan farashi,
kotu kuma ta ce ai alkawari ne, a cika.
Da mai kama-karya ya zo
bai sha wahalar bin dawaki ɗaya-ɗaya ba,
ya tarar an tara linzamai a hannu kaɗan,
ya miƙa nasa ya karɓe.

Sai malaman suka ce kasuwa ba ciyawa ba ce
da za ta tsiro don an ƙyale ta.
Fadama ce. Sai an ja kunya, an gyara magudana,
in ba haka ba na bakin rijiya ya shanye ruwan.
Suka ce 'yancin ƙulla ciniki
ba ya zama wuƙar yanka 'yancin wani.
Wanda zai fi ka, ya fi ka da kyan kaya,
ba da taɗiya ba.
Mai cin riba shi zai ɗauki hasara.

Na ce, wato hukuma ta yanka mana kuɗi?
Na ga wannan a kan audugar mahaifina,
sikeli nasu, alƙalami nasu, godiya tamu.
Ta ce a'a.
Alƙalin kokawa ba ya ɗaura warki.
Da'ira yake ja a ƙasa,
ya hana shaƙe wuya,
ya hana biyu su taru kan ɗaya,
sannan ya koma gefe.
Amma sai ya ƙoshi, ya yi nauyi,
yadda kokon goron kowa ba zai ɗaga shi ba.

Na ce, irin wannan alƙali a wace kasuwa ake sayar da shi?
Ba ta amsa ba. Ta juya shafi.

Can na ce, Nomau ya zo ɗazu.
Yana so mu manoman gefen rafi mu rantse
kada kowa ya sallama ƙasa da kaza.
Mu ma mu yi harshe ɗaya.
Littafinki ya ce me?
Ta yi dariya har fitilar ta faɗi.
Ta ce, Baba, wannan babi na gaba ne,
ban kai can ba tukuna.

Da asuba na sauka fadama.
Kunya ta tsage wajen iyakata da Ige,
ruwanta duk ya gangaro cikin nawa.
Na daɗe tsaye da fartanya a kafaɗa,
yabanyata tana sha, tana sha,
ba kowa a wurin sai balbela.
Sannan na duƙa na toshe.